Awa Ɗaya Bayan Asuba: Kundin Shirina na Jarrabawar GMAT

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Yau na yi gwajin farko, daga farko har ƙarshe, agogo yana tafiya. Maki 515. Na daɗe ina kallon lambar kafin in rufe kwamfutar.

Shekarata shida ina aikin akanta a wani kamfanin abincin kaji da ke Kakuri, nan Kaduna. Burina in yi digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, na shekara ɗaya a waje, domin ba zan iya barin gida da aiki har shekara biyu ba kamar yadda manyan makarantun Amurka suka saba. Shi ya sa idona yake kan Oxford da Cambridge a Ingila, sai INSEAD a Faransa, wadda nata karatun wata goma ne. Duk suna neman sakamakon GMAT ko na GRE, jarrabawoyin da ake zanawa don neman gurbi a irin waɗannan makarantun. Na zaɓi GMAT.

Jarrabawar awa 2 ce da minti 15, tambayoyi 64, sashe uku, kowane sashe minti 45. Akwai lissafi, tambaya 21. Akwai karatu da auna hujja da Turanci, tambaya 23. Sai nazarin bayanai, tambaya 20, inda ake jibge maka tebur da zane da saƙonni a ce ka fitar da magana daga ciki. Makin yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. A watan Nuwamba na 2023 aka fito da wannan sabon tsarin, kuma hukumar GMAC mai jarrabawar ta ce 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da. Can nake hari. Tsakanina da shi maki 130.

Abin da ya fi ba ni tsoro a gwajin yau, jarrabawar tana bin sawun mutum. In ka amsa daidai ta ƙara maka nauyi, in ka faɗi ta sassauta, makinka kuma ya bi ta ƙasa. Da na ga tambayoyin lissafi sun fara sauƙi a tsakiya, sai gabana ya faɗi, don na san abin da hakan yake nufi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako biyu ina gwada karatun dare, daga tara zuwa sha ɗaya, bayan yarinyata ta yi barci. Bai yiwu ba. Ina fita bakwai da rabi na safe, in dawo wajen shida, in shiga kicin, in yi wa yarinya wanka. Kafin tara idanuna sun riga sun sha lambobi sun ƙoshi. Ranar Laraba na karanta sakin layi ɗaya sau huɗu, da aka zo tambaya ban iya tuna ko a kan me yake magana ba.

Jiya da daddare na zauna da maigida muka yi magana ta gaskiya. Na ce, "Abban Ummi, in dai ba a samo mini awa ɗaya da safe ba, gara in haƙura tun ban kashe kuɗi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce shi zai riƙa shirya yarinyar ya ba ta shayi ya kai ta makaranta, ni kuma daga idar da sallar Asuba kada in koma gado. Na san abin da wannan ya ci masa, don shi ma ma'aikaci ne, kuma wannan ɗan barcin na bayan Asuba yana ji da shi.

Sabon tsari: Litinin zuwa Juma'a, awa ɗaya bayan Asuba. Asabar awa uku. Lahadi da rana, bitar kurakurai. Dare na barci ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sanyin hunturu da ƙarfe shida saura ba wasa ba ne. Ina zama a falo da rigar sanyi da safa, fitila mai caji a gefe in an ɗauke wuta. Amma kaina yana aiki a wannan lokacin kamar ba nawa na dare ba.

A sashen lissafi babu kalkuleta. Sai a nazarin bayanai kaɗai ake ba da ita a fuskar kwamfuta. Shekara shida Excel ne yake yi mini tarawa da rabawa, sai ga shi raba 391 da 17 a takarda ya ci mini kusan minti ɗaya, alhali duk tambayar minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi take da su. Na koma tushe. Na rubuta ninkin lambobi da kansu daga 11 zuwa 25, da lambobin da ba sa rabuwa har zuwa 100, da kaso cikin ɗari na ɗaya bisa shida, ɗaya bisa bakwai, ɗaya bisa takwas, na manna a ƙofar firji. Ina soya miya ina karantawa.

Rufe lissafin ƙarshen wata ya cinye mini kwana huɗu cur, ban buɗe littafi ba. Na yi alama a kalanda: kwanakin ƙarshen kowane wata, da kusa da 21 ga wata lokacin miƙa harajin VAT, ba nawa ba ne. Gara in san haka tun yanzu in cire su daga lissafi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na raba kowane shafi gida uku. Duk tambayar da na faɗi sai ta shiga ɗaya daga ciki: ban san abin ba, ko na sani na yi gaggawa, ko lokaci ne ya ci ni. Bayan mako biyu na ƙirga. A tambaya 58 da na faɗi, 14 ne kawai na rashin sani. Sauran duk na san hanyarsu.

Mafi yawan na gidan gaggawa daga nau'i ɗaya suka fito, tambayoyin "ko bayanin ya isa". Ba a ce ka nemo amsa ba. Ana ba ka tambaya da bayani biyu, a ce ka faɗi wanne ne ya isa a amsa ta: na farko shi kaɗai, na biyu shi kaɗai, sai an haɗa su, kowanne ya isa da kansa, ko ko an haɗa ma ba su isa ba. Bari in kawo misali da na tsara da kaina da kayan kasuwarmu. Ɗan kasuwa ya sari buhunan masara ya sayar, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Bayani na ɗaya: kowane buhu ya ɗora masa naira 6,000 a kan kuɗin sari. Bayani na biyu: kuɗin da ya samu a buhu 4 daidai yake da abin da ya kashe wajen sarin buhu 5.

Hannuna kullum yana tafiya wajen "sai an haɗa su". Dalili, in na haɗa zan san cewa ya sari buhu a 24,000 ya sayar a 30,000, hankalina ya kwanta. Amma ba wanda ya tambaye ni farashin buhu. Bayani na biyu shi kaɗai ya gama magana: in huɗun sayarwa daidai suke da biyar ɗin sari, riba kashi 25 ce, ko buhun naira ɗari ne ko naira dubu ɗari.

Na gane daga ina wannan halin ya samo asali. A ofis ba a yarda da ni sai na kawo lamba har kwabo, da rasit a bayanta. Abin da ya sa ake yaba aikina ke nan, kuma shi ne yake kayar da ni a nan. Wannan jarrabawar tana son mutumin da zai ce "wannan ya isa a yanke shawara" ya ajiye biro. Da na yi tunani, ai abin da nake gani manajan darakta yana yi ke nan a taron Litinin: ni ina ta neman sauran takardu, shi ya riga ya ga abin da yake buƙata a layi biyu. Aikin da nake son in koma yi ke nan, don haka ba na jin haushin tambayoyin.

Gwaji na biyu jiya, 565.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na mayar da karatu tsakanin sahur da fita aiki. Tunda dama ina tashi ƙarfe huɗu don ɗumama abinci, awar tana nan, barcin ne ya ragu.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya na yi gwaji da ƙarfe biyu na rana, da azumi a bakina, cikin wannan zafi. Maki 545. Na koma baya. A sashen ƙarshe tambaya huɗu ban ma kai gare su ba, kuma barin tambaya ba amsa yana da tsada ƙwarai a wannan jarrabawar, ya fi a ce ka cinka ka faɗi.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Masu binciken kuɗi na waje suna ofishinmu mako na biyu ke nan, kullum da sabuwar takardar da suke nema ta bara. In dawo gida a guje in tarar da aikin buɗa-baki. Da na je gaida Mama yau, kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Ke kuwa kin ga yadda kika zabge? Taura biyu ba ta taunuwa, ke kin haɗa uku." Na ce, "Mama, na ɗan lokaci ne." Ta ce, "To ki bar wa Allah watansa."

Na bi maganarta. Daga yanzu zuwa ashirin ga azumi, minti talatin kawai, tambaya goma, don kada hannu ya yi sanyi. Goman ƙarshe zan rufe littafin gaba ɗaya. Ba zan sake yin cikakken gwaji da azumi ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, an gama yawon gaisuwa, na dawo kan tebur. Na yi zaton zan tarar komai ya goge. Bai goge ba. Tambaya ashirin na lissafi na yi jiya, na ci sha biyar.

Yau na yi rajista. Kuɗin ya kusa dala 300, wato a canjin yanzu ya haura naira 400,000. Daga adashin ofis na ɗauka, sai da na nemi katin dala sannan biyan ya shiga. Ana iya zana jarrabawar a gida ta intanet, wani yana kallonka ta kyamara, amma ban yarda in jingina wannan kuɗin a kan wuta da sabis na unguwarmu ba. Na zaɓi cibiya a Abuja, Asabar 14 ga Yuni, mako ɗaya bayan babbar Sallah. Hakan zai bar mini Yuli da Agusta don rubuce-rubucen neman gurbi da wasiƙun shaida, tunda zagayen farko na yawancin makarantun nan a kusa da Satumba yake rufewa.

Tunda na biya, tashin Asuba ya daina zama shawara.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Wannan watan na ba wa sashen Turanci. An cire tambayoyin gyaran jimla da rubutun insha'i daga sabon tsarin, abin da ya rage karatun dogon rubutu ne da auna hujja.

Auna hujja ya shiga raina fiye da komai a jarrabawar. Za a ba ka 'yar magana: kamfani ya rage farashin sabulu, ciniki ya ƙaru a watan, saboda haka ragin ne ya jawo. A ce maka me mai maganar ya ɗauka a ransa bai faɗa ba? Ya ɗauka babu wani abin da ya faru a watan. To in watan Sallah ne fa? In abokin gasarsu ne kayansa ya yanke a kasuwa fa? Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in ɗauki amsar da nake zato in juya ta, in ce "a ce ba haka ba ne". In hujjar ta rushe, ita ce ginshiƙin.

Ranar Litinin a taro, sashen talla suka ce sabon tsarin rangwamensu ne ya ɗaga cinikin abincin kaji a farkon shekara. Ban san lokacin da na ce, "Ranka ya daɗe, ai masu kiwo suna zuba kaji ne don azumi da Sallah. A kwatanta da makonnin gabanin azumin bara tukuna." Oga ya kalle ni ya ce a kawo masa lambobin bara. Wannan ne karo na farko da na ga karatun Asuba ya biyo ni ofis da wani abu ban da hamma.

Dogon rubutu kuwa har yanzu yana ba ni wuya in ya zo a kan abin da ban saba da shi ba, kamar ilimin taurari ko tarihin ƙungiyoyin ƙwadago na Amurka. Na daina ƙoƙarin fahimtar kowace kalma. Kowane sakin layi sai in rubuta kalma uku ko huɗu a kan aikin da yake yi: nan ra'ayin tsofaffin masana, nan suka, nan ra'ayin marubucin. Gwajin jiya, 595.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kwana tara ban yi karatu ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kama Ummi, muka kwana uku a asibiti ana ƙara mata ruwa. Na tafi da littafin kurakuraina a jaka, ban fito da shi ba ko sau ɗaya. Ta warke, alhamdu lillahi, yau har ta koma makaranta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Sauran mako uku. Yanzu yaƙin da agogo ne.

Na kafa wa kaina alamomi. A lissafi, in agogo ya nuna sauran minti 30 ya kamata in kai tambaya ta 8, in ya nuna 15 in kai ta 15. Tambayar da ta haura minti uku ban ga bakin zarenta ba, sai in cinka, in sa mata alama, in wuce. Jarrabawar tana bari ka koma ka duba a ƙarshen sashe in lokaci ya rage, ka canja amsa har uku. Uku kawai, don haka ba a sa wa komai alama.

Wucewar nan ita ce mafi ɗaci a wurina. Ban taɓa barin asusu bai daidaita ba na tafi gida. Amma littafin kurakurai ya nuna mini ƙarara: duk lokacin da na nace wa tambaya ɗaya minti biyar, uku na ƙarshe ne suke biyan bashin, kuma sau da yawa ita ma wadda na nace wa ɗin faɗuwa nake yi.

Ana barin mutum ya zaɓi jerin sassan, da kuma inda zai ɗauki hutun minti goma. Na gwada hanya uku, na tsaya a kan lissafi da farko tun kai yana sabo, sai nazarin bayanai, sai hutu, sai Turanci a ƙarshe, tunda shi ne nake iya yi ko na gaji. Gwajin makon jiya 625, na jiya 655. Duka biyun da ƙarfe tara na safe na yi su, lokacin da zan zauna ta gaske.

Na nemi hutun kwana biyar kafin jarrabawa. Oga ya tuna mini cewa takardun harajin kamfani na shekara dole su shiga kafin 30 ga Yuni. Muka daidaita a kan kwana uku, ni kuma zan kammala nawa ɓangaren kafin Sallah.

Laraba, 11 ga Yuni

An yi layya ranar Juma'a, kwana uku hannuna yana cikin nama da suya. Yau hutuna ya fara. Ba na taɓa sabon abu, ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin kurakurai kawai nake bi daga shafin farko. Na ga rubutuna na Fabrairu, inda na ja layi biyu a ƙarƙashin "me aka tambaye ki?" Fasfo yana cikin jaka, na duba sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na rajista harafi da harafi.

Asabar, 14 ga Yuni, a jirgin ƙasa

Jiya na hau jirgi daga Rigasa, na kwana gidan Yaya a Kubwa. Da safe mijinta ya kai ni cibiyar tun da sauran lokaci. Aka duba fasfo, aka ɗauki hoto, na ɗora tafin hannu a kan wata na'ura mai karanta jijiyoyi. Waya da agogo da jaka duk suka shiga loka. Suka ba ni 'yan shafuka masu santsi da alƙalamin da ake gogewa. Ban taɓa rubutu da irinsa ba, layin farko hannuna ya shafe shi, sai na koyi ɗaga hannu.

Lissafi ya tafi daidai har tambaya ta 12, wata a kan yawan hanyoyin jera mutane. Na ji tsohon halin yana ja na. Na kalli agogo, minti uku sun wuce, na cinka na wuce. Na gama da sauran minti biyu, na koma na gyara wata daban da na ga na karanta "aƙalla" a matsayin "daidai". A nazarin bayanai wata tambaya mai shafi uku ta ci mini lokaci, biyun ƙarshe a guje na amsa su. A hutu na ci dabino uku na sha ruwa. Turanci ya zo da rubutu a kan ƙwayoyin halittar tsirrai, na bi shi da 'yan kalmomina uku-uku.

Ina danna maɓallin ƙarshe makin ya fito: 635. Lissafi 80, Turanci 84, nazarin bayanai 81.

Na kira maigida tun ina bakin ƙofa. Ya ce, "Daga 515 fa kika taso." Sannan na kira Mama. Ta ce, "An ci?" Na yi mata bayani cewa wannan ba ta da ci ko faɗuwa, maki ne kawai, makarantu su duba. Ta ce, "To ya kai abin da kike so?" Na ce sauran goma. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah Ya sa albarka. Ki dawo gida ki yi barci."

Alhamis, 19 ga Yuni

Sakamakon hukuma ya shigo, 635 ɗin ne, kuma zai yi aiki shekara biyar. Rahoton ya nuna inda na yi tuntuɓe: tambayoyi biyun ƙarshe na nazarin bayanai duka na faɗi, kamar yadda na zata.

Ana iya sake zama bayan kwana 16. Na zauna da maigida jiya muka baje lissafi. Sake zama yana nufin wata 400,000, da wata guda na Asuba da ya kamata ya tafi wajen rubutun neman gurbi da neman tallafin karatu, wanda in babu shi ko 705 na samu ba inda za ni. A ɗaya gefen kuma, gwajina na ƙarshe ya nuna 655 yana cikin hannuna, kuma masu ba da tallafi suna kallon maki.

Mun tsaya a kan haka: daga yanzu zuwa 30 ga wata aikin haraji ne, ba zan taɓa littafi ba. Makon farko na Yuli zan yi gwaji ɗaya da ya rage mini. In ya kai 655 ko ya haura, zan biya in sake zama kafin ƙarshen watan. In bai kai ba, 635 zan tura. Na riga na rubuta wa Oga takardar neman ya zama ɗaya daga masu yi mini shaida, gobe bayan taron safe zan miƙa masa.